Laftof ɗin da suka ƙi karɓar sababbin ɗalibai: matsalar Wi-Fi kafin shiga domen a wata kwaleji a Kano

A ƙarshen shekarar 2025 wata kwaleji mai zaman kanta da ke horar da ma'aikatan lafiya a cikin birnin Kano ta buɗe wa ɗalibanta ɗakin kwamfuta. Ba irin na teburori da wayoyi a bango ba ne, na laftof ne zalla, a ɗebo su daga kabad da safe a mayar da yamma. Laftof ɗin iri biyu ne. Akwai sababbi fil masu Windows 11 Education, waɗanda aka saya ganin cewa tallafin Windows 10 ya ƙare tun ranar 14 ga Oktoba 2025. Akwai kuma tsofaffi 'yan tokumbo da aka karɓo daga hannun ma'aikata, aka goge su aka sake ɗora musu Windows 10 ɗin, a lallaɓa da su kafin kuɗi su samu. Dukkansu an saka su a domen na kwalejin, wato tsarin da babbar kwamfuta (sabar) ke riƙe asusun kowa da kalmar sirrinsa, kuma Group Policy, hanyar tura saiti ga kwamfutoci daga wuri guda, ne ke tura musu saitinsu.

Wi-Fi ɗin kwalejin ba irin na gida ba ne mai kalmar sirri guda da kowa ya haddace. Tsarin 802.1X ne: na'urar Wi-Fi da ke maƙale a silin ba ta yanke hukunci da kanta, sai ta miƙa buƙatar mai son shiga ga sabar RADIUS, wadda a nan ita ce NPS ta Windows Server, ita kuma ta tambayi Active Directory, rumbun asusun mutane da kwamfutocin domen, ko ta san shi. Hanyar tantancewar da aka zaɓa tun lokacin da aka kafa tsarin ita ce PEAP-MSCHAPv2, wato suna da kalmar sirri a cikin rufaffiyar hanya. Shekaru ana aiki da shi ba wanda ya yi ƙorafi.

Ranar da aka fara kai ɗalibai ɗakin, abin ya ƙi. Ɗaliba za ta buga sunanta da kalmar sirrin da aka ba ta, kwamfutar ta ɗan yi juyi, sannan ta ce ba za ta iya shigar da ita ba domin domen ɗin ba ya samuwa. A wannan ɗakin, a wannan lokacin, malamin da ke tsaye a gabansu yana kan intanet da tasa laftof ɗin lafiya lau. In aka soka wa laftof ɗin ɗalibar wayar netwok, nan take ta shiga.

Dabarar da sashen kwamfuta ya fito da ita kafin a kira ni a matsayina na injiniya ta fi matsalar kanta bayyana abin da ke faruwa. Sun lura cewa in ɗalibi ya shiga sau ɗaya da waya, daga baya yana iya shiga wannan laftof ɗin ba tare da ita ba. Sai aka fara layi a ƙofar ofishinsu, kowa rungume da laftof. Amma abin yana aiki ne a kan wadda ka shiga kaɗai, don haka ɗalibai suka fara manna salatif a bayan murfi suna rubuta sunayensu da biro, wasu har ɓoye tasu suke yi a can ƙasan kabad. Bayan ɗan lokaci kuma sai ga wanda ya riga ya yi layi ya dawo yana cewa tasa ta manta shi. Ba mantuwa ba ce. Windows kan ajiye shaidar shigar mutum goma na ƙarshe a kan kowace kwamfuta, don su iya shiga ko da ba a ga sabar domen ba. Na goma sha ɗaya in ya shigo, na farko ya fita. Ɗakin da aji uku ke amfani da shi a rana ba ya daɗewa bai cika goman nan ba.

Shugaban sashen ya tarbe ni da nasa bayanin a shirye. "Injiniya, sabis ɗin ne ba shi da ƙarfi a ɗakin nan, ga kuma canjin wuta zuwa janareta da ke kashe na'urorin." Bai ɗauki lokaci ba aka kawar da wannan: wayoyin hannu na ma'aikata a cike suke da sabis a kowane lungu na ɗakin, kuma matsalar ba ta san lokacin wuta da na janareta ba.

Abin da ke faruwa a allon shiga

Kafin kwamfutar domen ta yarda da kalmar sirrin wanda bai taɓa shigarta ba, dole ta kai ga sabar domen ta tambaya. Kafin ta kai ga sabar dole ta hau Wi-Fi. Shi kuma Wi-Fi ɗin yana neman a gaya masa wane ne. A daidai wannan lokacin babu kowa a cikin kwamfutar tukuna, saboda haka ita ce za ta gabatar da kanta. Kowace kwamfutar da aka saka a domen tana da nata asusun a Active Directory, da tata kalmar sirri wadda ba mutumin da ya san ta. Kamar motar makaranta ce mai tambari a ƙofa: maigadi yana buɗe mata get ne don ya san motar, ko wane ne a kan sitiyari, sai an shiga ciki ake tambayar direba takardunsa.

Ke nan tambayar ba ita ce me ya hana ɗalibi shiga ba. Tambayar ita ce: a lokacin da allon shiga yake tsaye ba kowa, shin laftof ɗin tana kan Wi-Fi? Alamar netwok da ke kusurwar ƙasa ta dama ta allon ta amsa wannan tun kafin a buɗe komai. Ba ta kai.

Na fara da ɓangaren kwamfutar. Umarnin gpresult ya nuna ƙa'idar Wi-Fi ta iso, netsh wlan show profiles kuma ya nuna furofayil ɗin, wato ajiyayyen saitin hawa Wi-Fi ɗin, a jerin waɗanda Group Policy ya turo, ba wanda wani ya ƙirƙira da hannu a asusunsa ba. Wannan yana da muhimmanci, domin furofayil ɗin da ke na mutum ɗaya ba ya aiki kafin mutumin ya shiga. Yanayin tantancewar ma daidai yake, an saita shi a kan mutum ko kwamfuta: kafin shiga kwamfuta ta gabatar da kanta, bayan shiga mutum ya karɓa. A kundin WLAN-AutoConfig na cikin Event Viewer kuwa, duk kunnawa sai ka ga lamba 12011, an fara tantancewa, sai 12013 ta biyo baya, ba a yi nasara ba. Wato laftof ɗin tana ƙwanƙwasa ƙofa, ana korar ta.

Dalilin korar yana wajen NPS. A kundin tsaro na sabar, lamba 6272 na nufin an ba da izini, 6273 na nufin an hana. Da muka tace 6273 kaɗai sai allon ya cika. Sunayen da aka hana ba na mutane ba ne, duk sun fara da host/ sannan sunan kwamfuta, kuma lambar dalili ɗaya ce a kansu, 48: buƙatar ba ta dace da kowace ƙa'idar netwok da aka rubuta ba. Ƙa'ida guda ce tal a sabar, sharaɗinta kuma shi ne mai buƙata ya kasance cikin rukunin ma'aikata ko na ɗalibai. Ba inda aka ambaci kwamfutoci.

Muka yi ta gungurawa baya har iya inda kundin ya ajiye, kuma a can ma haka ne, har da laftof ɗin shugaban kwalejin. Ashe babu kwamfutar da ta taɓa hawa Wi-Fi ɗin nan kafin shiga, tun ranar da aka kafa shi. Abin da ya rufa asiri shi ne kowane ma'aikaci yana da tasa laftof ɗin, wadda aka saita masa da waya a ofishin sashen ranar da aka ba shi. Kullum da ajiyayyar shaida yake shiga, sannan Wi-Fi ya kama da sunansa bayan daƙiƙoƙi. Allura ta tono garma: nan take shugaban sashen ya tuna ƙorafe-ƙorafen da aka saba yi musu, na faifan ofis da ba ya bayyana sai an fita an sake shiga, da manhajojin da aka tura ta Group Policy suka ƙi sauka, da wanda aka canza wa kalmar sirri amma laftof ɗinsa ta nace sai tsohuwar. Duk daga tushe ɗaya suke.

Gyaran da ya sauke kowa

Ɗan bautar ƙasa da ke sashen yaro ne mai kaifin kai da saurin hannu. Yana jin bayanin ya ce, "Yallaɓai, ai sai a ƙara musu rukunin kawai." Kafin mu gama magana da shugaban ya buɗe ƙa'idar, ya ƙara sharaɗi na biyu na rukunin kwamfutoci, ya zaɓi Domain Computers, ya danna amincewa. Ba a jima ba wayar shugaban ta yi ƙara. Magatakardar kwalejin ce. "Malam, me kuka taɓa ne? Ina tsakiyar aika sakamako abin ya yanke, kuma ya ƙi dawowa."

Tarkon da mutane da yawa ke faɗawa ke nan. A NPS, sharuɗɗan da aka jera a cikin ƙa'ida guda dole a cika su duka, ba ɗaya daga ciki ba. Ƙa'idar ta koma cewa mai buƙata ya zama mutum a rukunin ma'aikata kuma ya zama kwamfuta a rukunin kwamfutoci a lokaci guda. Buƙata kuwa ko dai ta mutum ce ko ta kwamfuta. Akwai hanyar da ke haɗa shaidun biyu a tantancewa ɗaya, TEAP, wadda Windows 10 ya fara ɗauka daga sigar 2004, amma NPS ba ta aiki da ita. Saboda haka duk wanda ya motsa daga na'ura zuwa na'ura, ko laftof ɗinsa ta yi barci ta farka, sai ya faɗa lamba 48 shi ma.

Aka cire sharaɗin, Hajiya magatakarda ta koma aikinta. Ana iya zuba rukunan biyu a cikin sharaɗi guda na Windows Groups, wanda a nan ɗaya daga ciki ya wadatar, amma na fi son ƙa'ida daban ta kwamfutoci, domin ranar da aka so a canza wa kwamfutoci hanya ba sai an taɓa ta mutane ba. Ranar ma ba ta yi nisa ba. Kuma maimakon Domain Computers gaba ɗaya, aka buɗe rukuni na musamman aka zuba laftof ɗin da ake so su hau Wi-Fi. Sai an sake kunna kwamfuta take sanin an saka ta a sabon rukuni, wannan ma ya ɗan ruɗa yaron.

Gwajin da na nace a yi ba da asusun kowa na sashen ba ne, domin dukkansu suna cikin ajiya. Aka kira wata ɗaliba daga baranda, aka ba ta laftof ɗin da ba ta taɓa riƙewa ba, ba waya. Tsohuwa mai Windows 10 ta karɓe ta, NPS ta rubuta 6272 da sunan kwamfutar. Aka miƙa mata sabuwa mai Windows 11. Domen ba ya samuwa.

Sababbin laftof da Credential Guard

Ƙa'ida ɗaya, furofayil ɗaya, rukuni ɗaya, ɗaki ɗaya, amma tsofaffi sun hau sababbi sun ƙi. Mai kula da ɗakin ne ya faɗi abin da ya buɗe hanya, kuma a matsayin ƙorafi ya faɗe shi, ba shaida ba: "Su dama waɗannan sababbin fitinannu ne. Ko yaro ya shiga, sai sun sake tambayar sa kalmar sirri kafin su ba shi Wi-Fi. Tsofaffin ba sa haka."

Aka buɗe msinfo32 a kan guda, aka gangara ƙasa inda ake jera ayyukan tsaro da ke gudana. Credential Guard yana ciki.

Aikin Credential Guard shi ne killace sirrin shiga, irin su sawun kalmar sirri na NTLM da tikitin Kerberos, a wani keɓantaccen wuri da sauran Windows ba ya iya leƙawa, ta yadda ko ɓarawo ya samu ikon admin a kan kwamfutar ba zai kwashe su ya yi yawo da su a netwok ba. Tun daga Windows 11 sigar 22H2, wadda ta fito a Satumba 2022, yana zuwa a kunne da kansa a kan Enterprise da Education in na'urar ta cika sharuɗɗa. MSCHAPv2 kuwa da wannan sawun kalmar sirrin yake lissafin amsarsa. In an killace shi, Windows ba zai ba da amsa a madadin kowa ba. Mutum yana iya sake buga tasa da hannu, abin da mai kula da ɗakin ke gani ke nan. Kwamfuta a allon shiga ba ta da mai buga mata. Microsoft ya rubuta wannan a fili cikin bayanansa, ya kuma ba da shawarar a koma tantancewa da satifiket, wato takardar shaida ta dijital da ke tabbatar da ko wane ne mai riƙe da ita.

Don kada a yi gini a kan zato, aka ware laftof guda aka kashe mata Credential Guard ta Group Policy, aka sake kunna ta. Ta hau Wi-Fi a allon shiga ba gardama. An tabbatar da dalili.

A nan ne muka yi doguwar muhawara da shugaban sashen, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Jarrabawar ɗalibai ta ƙarato. Kashe abin a kan dukkan sababbin laftof aikin ƙa'ida guda ne, tunda wanda ya zo a kunne da kansa ba a kulle shi a UEFI ba (manhajar da ke tayar da na'urar kafin Windows), daga nesa ma ana kashe shi. "Injiniya, tsofaffin ba su da shi kuma ba abin da ya same mu. Mu kashe, in an gama jarrabawa a duba."

Ni ban yarda ba, saboda irin kwamfutocin da ake magana a kansu. Laftof ɗin da ɗalibai da dama ke karɓa-karɓa a kanta, wadda ake soka wa filashi daga ko'ina, wadda kuma ma'aikatan sashen ke shiga da asusunsu mai iko duk lokacin da ta samu matsala, ita ce ta fi kowace buƙatar wannan kariyar. Sawun kalmar sirrin admin guda da ya rage a cikinta ya ishi yaro mai ƙwaƙwalwa da son gwaji ya kai ga sabar da sakamakon jarrabawa ke ciki. Shi kansa MSCHAPv2 an daɗe da sanin rauninsa: a taron DEF CON na 2012 Moxie Marlinspike da David Hulton sun nuna cewa ƙarfinsa bai wuce na makullin DES guda ba, abin da ke kare shi a Wi-Fi kawai shi ne rufaffiyar hanyar PEAP, ita ma sai in kwamfuta tana duba satifiket ɗin sabar da gaske. Sannan na san abin da "in an gama jarrabawa a duba" ke zama a ofisoshinmu.

Abin da ya raba gardamar shi ne aikin bai kai yadda yake tsoro ba. Kwalejin tana da nata ofishin ba da satifiket na Active Directory Certificate Services, wanda aka kafa don NPS ta samu nata, aka kuma manta da shi. Rabin aikin yana nan a kwance.

Komawa EAP-TLS

A EAP-TLS babu kalmar sirri. Sabar ta nuna satifiket ɗinta, kwamfuta ta nuna nata, kowa ya duba na ɗan'uwansa. Aka kwafi samfurin Workstation Authentication, aka ba rukunin laftof ɗin izinin karɓa da karɓa kai tsaye, aka kunna karɓar satifiket ta atomatik a Group Policy. Na duba cewa sabar satifiket ɗin ta samu sabuntawar da ake bukata, domin tun sabuntawar Mayu 2022 satifiket kan fito ɗauke da lambar SID, wato lambar shaida ta musamman ta asusun da aka ba shi, kuma daga Fabrairu 2025 sabobin domen suka fara ƙin wanda ba a ɗaure shi da asusunsa da ƙarfi ba. Wanda sabar satifiket ɗinsa ta kwana biyu ba a sabunta ta ba zai yi komai daidai ya ga ana hana shi.

Jerin matakan shi ne inda ake yin ɓarna. In ka fara canza furofayil ɗin Wi-Fi kafin satifiket ya isa, ka yanke wa kwamfuta hanyar da za ta bi ta karɓo shi. Don haka satifiket ya fara, sannan aka ƙara EAP-TLS a ƙa'idar kwamfutoci ta NPS ba tare da an cire PEAP ba, sannan sabon furofayil. Sababbin laftof, tunda ba sa hawa Wi-Fi da kansu, sai da kowacce ta sha waya sau ɗaya. Aka ɗora suwic mai ramuka 24 a kan teburin sashen, ɗan bautar ƙasa da mai kula da ɗaki suna jera su layi-layi: a soka, a kunna, gpupdate /force, certutil -pulse, a buɗe certlm.msc a ga satifiket mai sunan kwamfutar ya zauna a ma'ajiyarta, a ɗaye salatif ɗin sunan ɗalibi daga murfi, a ajiye gefe. A lura, certlm.msc ne na kwamfuta, certmgr.msc na mutum ne, kuma wanda ya buɗe shi zai yi ta neman abin da ba ya can. A cikin furofayil ɗin aka sa alama a kan tushen satifiket na kwalejin aka rubuta sunan sabar NPS, domin Windows 11 ya fi na baya tsanani wajen yarda da sabar da ba a gabatar masa ba.

Laftof ɗin gwaji ta hau a allon shiga, ɗalibar ta shiga, muka fara murna. Kafin allonta ya gama buɗewa Wi-Fi ya sauka. Yanayin mutum ko kwamfuta ne ya yi aikinsa: da ta shiga, Windows ya ajiye shaidar kwamfuta ya nemi ta mutum, ita kuwa ba ta da satifiket. Ana iya ba kowane ɗalibi nasa, amma a ɗakin da yaro ke ɗaukar wata laftof daban kullum, wannan yana nufin sabon satifiket a kowace kwamfuta da ya taɓa, kuma a shigarsa ta farko yana bukatar netwok ɗin da za a yanke masa kafin ya karɓa. Aka mayar da furofayil ɗin kan kwamfuta kaɗai. Haɗin da ta yi a allon shiga shi ne zai ci gaba har a kashe ta.

Wannan yana da farashi, kuma shugaban ya gan shi da wuri: kundin NPS ba zai ƙara nuna sunan ɗalibi ba, sai na laftof. In wani ya yi ta'asa, wa za a kama? Amsar tana sabar domen, wadda ke rubuta lamba 4768 duk lokacin da mutum ya nemi tikitin shiga, tare da adireshin kwamfutar da ya nema daga kanta. In aka haɗa da littafin da mai kula da ɗaki ke sa kowa ya sa hannu kafin ya ɗauki laftof, ba a rasa komai ba. Rabon netwok tsakanin ɗalibai da malamai kuma ya koma bisa rukunin da kwamfuta take.

'Yan kaɗan da suka rage

Bayan hutun ƙarshen mako sai ga wasu tsofaffi ƙalilan sun sake ƙi, alhali an gwada su sun yi. Shugaban ya ce a cire su daga domen a sake saka su, domin ya ji cewa kalmar sirrin kwamfuta kan mutu bayan kwana 30. Gaskiya ne kwamfutar domen kan canza tata duk kwana 30, amma ita ce ke neman canjin, sabar ba ta kashe mata tsohuwa don ta daɗe a kabad. Ballantana yanzu ba da kalmar sirri suke hawa ba. Kuma in aka goge asusun aka buɗe sabo, SID ya canza, satifiket ɗin da ke cikinta ya zama na wata kwamfutar da babu ita.

A wannan karon kundin NPS bai ba da wani dalili mai kama hankali ba, abin da ke nuna cewa daga ɓangaren laftof ɗin ake katse maganar. Amsar tana rubuce da manyan baƙaƙe a allon kulle, inda ba wanda ke kallo: kwanan watan ya koma shekaru baya. Babban batirin waɗannan laftof ɗin ya daɗe da mutuwa, sai a jikin caja suke aiki, ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a kan allon uwa shi ma ya ƙare. In suka kwana biyu ba wuta, agogo ya ɓace. A idon kwamfutar da ke zaune a shekarun baya, satifiket ɗin sabar bai fara aiki ba tukuna, nata ma haka, don haka ta ƙi ci gaba. Ba ta hau netwok ba balle ta gyara lokacinta daga sabar domen. Ranar da aka gwada su sun yi ne domin wayar da aka taɓa soka musu ta riga ta daidaita musu agogo.

Aka aika ɗan bautar ƙasan zuwa Beirut Road ya sayo batiran. Wasu CR2032 ne tsirara, wasu naɗaɗɗu ne masu 'yar waya da filogi, sai da ya koma da tsoho guda a aljihu don a gwada. Biyu daga cikin laftof ɗin sai an kwance su gaba ɗaya kafin a kai ga batirin, aka ga ba su cancanci wahalar ba, aka mayar da su teburin laburare inda akwai wayar netwok.

Abin da ya rage a buɗe shi ne laftof ɗin ma'aikata da wayoyin hannu, waɗanda har yanzu ke kan PEAP da ƙa'idarsu ta daban. Duk ma'aikacin da aka ba sabuwa mai Windows 11 ana saka ta a rukunin satifiket tun ranar farko. Sai kuma batun wa'adi. Samfurin da aka kwafa yana ba da satifiket na shekara guda, yana sabunta shi a makonni shida na ƙarshe, kuma sai kwamfuta tana kunne tana kan netwok za ta sabunta. Tunda an ba dukkan laftof ɗin nasu a mako guda, a mako guda za su ƙare, kuma in makonnin shidan suka faɗa cikin dogon hutu suna kulle a kabad, za a dawo a tarar da suwic mai ramuka 24 yana jiran kowa. Aka ɗaga wa'adin zuwa shekara biyu, iyakar abin da sabar satifiket ke bayarwa in ba a taɓa saitinta ba, aka faɗaɗa lokacin sabuntawa zuwa wata uku, aka sake ba laftof ɗin sabon satifiket ta Wi-Fi ɗin da yanzu suke hawa da kansu. Mai kula da ɗakin kuma aka ƙara masa aiki a takardar aikinsa: ko ana hutu, sau ɗaya a wata ya fito da su ya jona caja ya kunna, ya bar su a allon shiga na awa guda.